JOHN NEWTON DA ABOKANSA

Ya kai mai karatu, ko ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu kwanan nan, ko kuwa kana tsaye a bakin ƙofa tukuna kana tambaya, ga wani labari da ya kamata ka sani. Sau da yawa wanda ya shiga wannan hanya ya kan iske abokansa na dā sun janye jiki, wani ma danginsa su juya masa baya. Wani kuwa abin da ke damunsa ya fi wannan nauyi, gama ya kan tuna da ayyukan da ya yi a baya, ya ga kamar mai irin wannan tabo ba shi da sauran gyara. Mutumin da za ka ji labarinsa ya san duka biyu. Ya yi zaman kaɗaici a baƙuwar ƙasa, ya kuma ɗauki alhaki mai girma a wuyansa. Duk da haka Allah ya tashe shi, yawancin taimakon kuwa ta hannun abokai ya zo.

Ƙuruciyarsa

An haifi John Newton a birnin Landan a shekara ta 1725. Ubansa shugaban jirgin ruwa ne, mutum mai tsanani, wanda ya kan yi watanni ba ya gida. Uwarsa kuwa mace ce mai tsoron Allah. Ita ta koya masa karatu tun yana ƙarami, ta sa ya haddace ayoyin Littafi Mai Tsarki, tana fata wata rana ya zama mai wa'azi. Amma tarin fuka ya kama ta, ta rasu a 1732, yaron bai cika shekara 7 ba. Da ya kai shekara 11 ubansa ya ɗauke shi zuwa teku, ya girma a tsakanin 'yan jirgi, ya koyi aikinsu duk da zaginsu.

A 1744 aka kama shi ƙarfi da yaji aka sa shi cikin jirgin yaƙi na Sarkin Ingila, gama haka a kan sami sojan ruwa a zamanin nan. A can ya yi abuta da wani mai daɗin baki wanda ba ya gaskata da Allah, ya yi ta zuga shi har ya rabu da ɗan abin da uwarsa ta shuka a zuciyarsa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Newton kuma bai tsaya a kansa ba. Akwai wani saurayi mai kunya da tsoron Allah cikin jirgin, ya yi ta yi masa ba'a har ya ɓata shi. Bayan shekaru, sa'ad da Newton ya riga ya tuba, ya sāke gamuwa da wannan saurayi, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya komo da shi, bai iya ba. Saurayin ya mutu da zazzaɓi a gaɓar Afirka ba shi da bege. Ka lura da wannan tun daga farko: abuta tana da ƙarfi ta kowace fuska, abin da ka zuba a kunnen abokinka kuwa ba kullum za ka iya kwashe shi ba.

A 1745 Newton ya gudu daga jirgin, aka kama shi, aka tuɓe shi aka yi masa bulala a gaban jama'a, aka ƙwace ɗan muƙamin da ya ke da shi. Baƙin ciki ya cika shi har ya yi tunanin faɗawa cikin teku. Abin da ya tsare shi shi ne tunawa da wata yarinya, Mary Catlett, 'yar gidan da uwarsa ta rasu a ciki, wadda ya ke so tun 1742.

Zaman tsibiri

Shugaban jirgin ya gaji da shi, ya musanya shi ga wani jirgin fatauci mai zuwa Afirka ta Yamma. A gaɓar Saliyo Newton ya sauka, ya shiga hidimar wani Bature mai cinikin bayi a wani ƙaramin tsibiri, yana tsammani zai yi arziki. Zazzaɓi ya kwantar da shi sa'ad da ubangidansa ya yi tafiya. Matar gidan ba ta ƙaunarsa, ta hana shi abinci, ta kan aiko masa da sauran abin da ta ci a kwanonta. Yunwa ta kai shi har ya kan fita da dare ya tone saiwa a gona ya ci ɗanya. Tufafinsa suka zama tsumma, in ya hangi jirgi ya kan ɓuya don kunya.

Wa ya ji tausayinsa a wannan wuri? Bayin da ke ɗaure da sarƙa, su ne suka riƙa ɓoye ɗan abin da aka ba su, su kawo masa a asirce. Ba danginsa ba ne, ba su da abin da za su samu a wurinsa, shi kuwa domin ya ci riba a kansu ya zo. Kada ka rena hannun da Allah zai miƙo maka taimako da shi, gama sau da dama daga wurin wanda ba ka zata ba ya ke fitowa.

Hadari a teku

Ubansa bai manta da shi ba. Ya roƙi wani abokinsa, attajiri mai jirage a Libaful, ya sa a neme shi. A 1747 wani jirgi ya same shi ya ɗauke shi. Suka yi wajen shekara guda suna fatauci a gaɓar teku kafin su kama hanyar gida, Newton kuwa yana ta saɓo da ba'a har shugaban jirgin ya riƙa tsawata masa.

Cikin watan Maris na 1748, da tsakar dare, babban hadari ya auka musu. Ruwa ya cika ɗakin da Newton ke kwance. Yana shirin hawa sama aka aike shi ya ɗauko wuƙa, mutumin da ya hau a madadinsa kuwa nan da nan igiyar ruwa ta share shi. Suka yi ta buga famfo suna toshe ɓaraka da tufafinsu. Cikin wannan hali sai Newton ya ji bakinsa ya roƙi Ubangiji jinƙai, abin da ya yi shekaru bai yi ba, har shi kansa ya yi mamaki. Kayan jirgin kakin zuma ne da itace, masu sauƙin nauyi, sabo da haka bai nutse ba. Suka yi mako 4 suna fama da yunwa da sanyi kafin su kai gaɓar Ailan. Cikin kwanakin nan ya karanta Sabon Alkawari, ya ga kansa cikin misalin ɗan nan da ya ɓatar da dukiyar ubansa a ƙasa mai nisa. Har ƙarshen ransa ya kan keɓe ranar 21 ga Maris kowace shekara domin addu'a da godiya.

Abokin da ya kafa ƙafarsa

Kada ka yi tsammani daga wannan rana kome ya gyaru. Ya bar saɓo, ya fara addu'a, ya auri Mary a 1750. Amma sana'ar da ya kama ita ce fataucin bayi. Ya yi tafiya ɗaya yana mataimakin shugaban jirgi, sa'an nan uku yana shugaba, yana kwasar mutane daga gaɓar Afirka, ɗaure cikin cikin jirgi, zuwa ƙetaren teku. Yana karatun Littafi a ɗakinsa, ƙarƙashin ƙafafunsa kuwa ɗaruruwan mutane suna nishi. Dokar ƙasarsa ta yarda da wannan ciniki, manyan mutane suna cin ribarsa, ba kuwa wanda ya nuna masa muguntarsa. Wannan ba ya wanke shi, shi kansa ma daga baya bai nemi ya wanke kansa da shi ba.

Shekara 6 ya yi yana bin Almasihu shi kaɗai, ba ikilisiya, ba malami, ba wanda zai buɗe wa zuciyarsa. Kullum yana tsoro kada ya koma gidan jiya. A 1754, a wani tsibiri da a ke kira St Kitts, ya gamu da wani shugaban jirgi, Alexander Clunie, Kirista wanda ya daɗe a hanya. Suka yi wajen wata guda suna haɗuwa kowace maraice, yau a jirgin wannan, gobe a na wancan, wani lokaci har gari ya kusa wayewa. Clunie ya koya masa yin addu'a da murya tare da wani. Ya nuna masa cewa tsayawar mai bi ta dogara ga ikon Allah da alkawarinsa, ba ga ƙarfin mai bin ba. Ya kuma faɗa masa inda zai sami masu bi a Landan. Ba wani babban malami ba ne Clunie, ɗan jirgi ne kamarsa, amma wata guda tare da shi ya ƙarfafa Newton fiye da shekarun da ya yi shi kaɗai.

A ƙarshen wannan shekara, saura kwana 2 ya tashi wata tafiya, ya faɗi sumamme. Likita ya hana shi tafiya, daga nan bai ƙara shiga teku ba. Ya sami aikin duba kayan jirage a Libaful, ya koya wa kansa Helenanci da Ibrananci, ya nemi a naɗa shi fasto. Aka ƙi shi, gama bai yi jami'a ba. Ya yi shekaru yana jira, sai a 1764 aka naɗa shi aka aike shi wani ƙaramin gari, Olney, inda yawancin mutane matalauta ne masu saƙar leshi da hannu. Albashinsa fam 60 ne a shekara. Wani attajiri mai bi, John Thornton, ya riƙa aiko masa da fam 200 kowace shekara domin ya buɗe ƙofarsa ga baƙi ya taimaki matalauta.

Newton da Cowper

A nan ne ya sami abokin da aka fi tunawa da su tare. William Cowper ɗan manyan mutane ne, an haife shi a 1731, shi ma uwarsa ta rasu yana da shekara 6. Ya koyi aikin lauya. Mutum ne mai taushin zuciya, mai baiwar tsara waƙa, amma yana da ciwon baƙin ciki wanda ya kan rufe shi kamar duhu. A 1763 ciwon ya yi masa tsanani har ya nemi ya hallaka kansa. Aka kai shi gidan wani likita mai tsoron Allah, a can ya sami sauƙi, yana karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ya ba da gaskiya. Daga baya ya zauna a gidan wani fasto mai suna Unwin. Da faston ya faɗi daga doki ya rasu a 1767, Newton ya je yi musu ta'aziyya, ya gayyaci gwauruwar da Cowper su komo Olney.

Gidajensu suna kusa, lambu ɗaya ne ya raba su. Suka riƙa biyan mai lambun fam ɗaya da sule ɗaya a shekara domin su ratsa ta ciki ba sai sun zaga ta kasuwa ba. Da wuya rana ta faɗi ba su ga juna ba. Dubi bambancinsu: wannan ɗan jirgi ne mai ƙarfin jiki da fara'a, wancan mai kunya ne wanda taron mutane ke ba shi tsoro. Newton ya jawo shi cikin aiki, suna zuwa gaida marasa lafiya tare, Cowper har ya kan yi addu'a a taron masu bi. Suka kuma shirya su rubuta waƙoƙin sujada domin talakawan garin, da magana mai sauƙi wadda mai saƙa zai gane. Waƙar nan da a ke kira Amazing Grace, wadda a ke rerawa ko'ina a duniya, Newton ya shirya ta domin wa'azin ranar 1 ga Janairu, 1773, a kan addu'ar godiya ta Sarki Dawuda.

Ba a yi kwanaki ba bayan wannan rana ciwon Cowper ya komo, ya fi na dā. Ya yi wani mafarki wanda ya sa ya tabbata a ransa Allah ya yashe shi har abada. Bai ƙi Almasihu ba, bai daina gaskata bishara gaskiya ce ga sauran mutane ba, amma ya ɗauka shi kaɗai aka ware. Daga wannan shekara bai ƙara shiga majami'a ba.

To, me aboki zai yi? Cikin watan Afrilu Cowper ya zo gidan Newton domin ya guje wa hayaniyar kasuwa, da niyyar kwana ɗaya. Ya zauna fiye da shekara guda. Newton da Mary, tare da gwauruwar Unwin, suka lura da shi dare da rana, gama ba a iya barinsa shi kaɗai. Newton ya rage tafiye-tafiyensa, ya nemi shawarar likitan nan da ya yi jinyarsa a dā. Bai ce masa wani ɓoyayyen zunubi ne ya jawo wannan ba, yadda abokan Ayuba suka yi. Bai kuwa taɓa yarda da shi cewa Allah ya yashe shi ba. Abokinsa ya kāsa riƙe begen kansa, sai Newton ya riƙe masa shi, shekara da shekaru.

Kwanci tashi duhun ya ɗan yi sauƙi. Cowper ya fara aikin lambu da sassaƙa, ya yi kiwon zomaye 3 da maƙwabta suka ba shi. A 1779 aka buga littafin waƙoƙinsu, waƙa 348, fiye da 60 na Cowper ne, sauran na Newton. A 1780 Newton ya tashi zuwa Landan, amma kafin ya tafi ya haɗa Cowper da wani fasto na garin da ke kusa, William Bull, domin kada ya rasa mai ziyartarsa. Suka ci gaba da aika wa juna wasiƙu. Cikin shekarun nan Cowper ya rubuta littattafan da suka sa ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Ingila, a 1788 kuma ya rubuta waƙoƙi a kan muguntar cinikin bayi.

Ba za a ɓoye maka ƙarshen ba. Cowper ya rasu a 1800 bai sami tabbacin nan da abokinsa ya yi shekara 27 yana roƙa masa ba. Newton ya yi wa'azi domin tunawa da shi a kan kurmin nan da Musa ya gani, wanda wuta ke ci amma bai ƙone ba. Likitoci a yau sun san wannan hali ciwo ne, yana da magani da hanyoyin jinya waɗanda ba a sani ba a zamaninsu. In ka ga ɗan'uwanka cikinsa, ka yi addu'a tare da shi, ka kuma raka shi asibiti, kada ka ce rashin bangaskiya ne.

Tsufansa

A Landan mutane da yawa suka riƙa zuwa gidansa neman shawara. Cikin Disamba 1785 wani saurayi ɗan Majalisar Dokoki, William Wilberforce, mai shekara 26, ya zo masa a ɓoye. Ya fara bin Almasihu, yana jin kunya kada abokansa su sani, yana kuma tunanin barin majalisa. Newton ya karɓe shi da taushi, ya shawarce shi ya zauna inda ya ke ya bauta wa Allah a can. Abin da Clunie ya yi masa, shi ya yi wa wannan saurayi.

Wilberforce ya ɗauki yaƙi da cinikin bayi, Newton kuma, bayan shiru na fiye da shekara 30, ya buɗe baki. A 1788 ya buga wani ɗan littafi inda ya bayyana abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya yi, ya furta kunyarsa a fili, aka aika wa 'yan majalisa. Ya kuma ba da shaida a gaban hukuma. Matarsa Mary ta rasu a 1790 bayan shekara 40 da aure. A 1799 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar CMS, wadda ta aika masu bishara zuwa gaɓar Saliyo, inda ya taɓa cin saiwa don yunwa, daga baya har zuwa ƙasar Hausa. Idonsa ya dushe, tunaninsa ya ragu, amma bai daina shaida girman zunubinsa da girman Mai Cetonsa ba. Cikin Maris 1807 aka kafa dokar hana cinikin bayi a jiragen Ingila. Ya rasu ranar 21 ga Disamba ta wannan shekara, yana da shekara 82.

Abin da ya rage gare ka

Ya ɗan'uwa, in abin da ka yi a dā yana hana ka barci, ka tuna da wannan mutum. Jinin mutane yana wuyansa, duk da haka Almasihu ya karɓe shi. Gafarar kuwa ba ta sa ya binne laifinsa ba, ita ce ta ba shi ƙarfin faɗinsa a gaban jama'a, ya kuma yi aiki domin a tsai da muguntar. In akwai wanda ka cuta, ka nemi hanyar gyara tun kana da rai, kada ka jira shekara 30.

In kuwa kaɗaici ne ke damunka, kada ka zauna shiru. Ka nemi mai bi ɗaya wanda ya riga ka a hanya, mai riƙon amana, ka faɗa masa tsoronka, ku yi addu'a tare. Haka Barnaba ya kama hannun Bulus sa'ad da almajirai ke jin tsoronsa. Abokanka na dā kuwa kada ka raina su, ka ci gaba da gaishe su da yi musu alheri, sai dai kada ka bi su zuwa abin da ka tuba daga gare shi.

Wata rana kuma kai ne za a zo wa. Wani zai buga ƙofarka da nawayar da ba ta sauka cikin kwana ɗaya, mai yiwuwa ba za ka ga saukarta da idonka ba. Ka buɗe masa, ka zauna tare da shi, ka riƙa tuna masa da alkawarin Allah ko da bai iya ji ba tukuna. Ubangiji Yesu, wanda ya kira almajiransa abokai ya kuma ba da ransa dominsu, shi ya ba ka irin wannan aboki, ya kuma mai da kai irinsa ga wani. Amin.